Yadda Ake Gano Dalilin Da Tarkon GDB Ke Kuskure a Cikin QEMU

GDB manhaja ce ta farautar kwaro (kuskure) a cikin firogiram, QEMU kuma emuleta ce, wato manhajar da ke kwaikwayon wata na'ura. Tambayar da ake ta turo mini kan tarkon GDB a cikin QEMU fuska uku gare ta. Wani zai ce ya sa `watch` a kan wani adireshi, abin da ke wurin ya canza, amma GDB bai ce uffan ba. Wani zai ce GDB ya tsaya, sai dai a kan layin da ko kusa bai taɓa wurin ba. Na uku kuwa nasa ya tsaya ya ƙi gaba, wuri ɗaya yake ta maimaitawa. Hukuncinsu kuma ɗaya ne, wai QEMU ne ya lalace. Wani lokacin gaskiyarsu ne. Amma yawancin waɗanda na zauna na duba, emuletar ba ta da laifi, ko kuma laifin nata ba a inda ake nuna yatsa yake ba.

Abin da GDB ke kira `watchpoint` zan riƙa kiransa tarko, domin aikinsa ke nan: ka ɗana shi a kan wani adireshi a memori, duk umarnin da ya taka wurin ya kama shi. Kafin labarin kamun ya iso allonka sai ya bi ta hannu uku: firosesar kwaikwayo da ke gudanar da umarnin, ɗan aiken da ke cikin QEMU mai suna gdbstub wanda ke magana da GDB, sannan GDB kansa. Aikin da ke gabanmu shi ne gano a hannun wa labarin ya karkace.

## Kayan aiki

A Debian ko Ubuntu abubuwa uku kake buƙata: `qemu-system-arm` (a cikinsa `qemu-system-aarch64` yake), `gdb-multiarch`, da `binutils-aarch64-linux-gnu`. Duka kyauta ne, data kawai za su ci. Abin da zai yi maka tsada shi ne lokaci da gurbin faifai, kuma zan faɗi inda kowanne ke zurarewa idan mun iso wurin. Na ɗauki ARM mai bit 64 a misalan saboda kowane umarninsa bait 4 ne cif, lissafin baya ba ya wahala. Inda x86 ya bambanta zan nuna.

## 1. San wane QEMU kake ciki

QEMU iri uku ne ta fuskar tarko, kuma mutane da yawa ba su san wanne suke kunnawa ba.

Na farko shi ne kwaikwayon na'ura sukutum da injin fassara na TCG, wato `qemu-system-...` ba tare da KVM ba. Nan tarko na cikin manhaja yake, ba shi da iyakar adadi, kuma tsawon wurin da za ka tsare ba sai ya zama bait 1, 2, 4 ko 8 ba.

Na biyu shi ne wanda aka kunna da `-enable-kvm` ko `-accel kvm`. Nan ba kwaikwayo ake yi ba, firosesarka ta gaske ce ke aiki, dokokinta ne kuma ke hawa kanka. A x86 rajistocin tarko huɗu ne kacal, DR0 zuwa DR3, `hbreak`, mai tsayar da firogiram in ya iso wani umarni, shi ma daga cikinsu yake ci. Tsawo sai 1, 2, 4 ko 8, adireshin kuma dole ya rabu daidai da tsawon. Babu tarkon karatu zalla a x86, sai na rubutu ko na karatu da rubutu a haɗe.

Na uku shi ne mai gudanar da firogiram guda, irin `qemu-aarch64 -g 1234`. Wannan ba shi da tarkon memori kwata-kwata, domin ba ya bi ta teburin fassara adireshi da ake rataya tarkon a jikinsa.

Gargaɗi: idan GDB ya ce `Could not insert hardware watchpoint`, kada ka fara zargin kwaro. Ko kana cikin na uku, ko kana cikin KVM ka cinye rajistoci huɗun, ko adireshinka bai daidaita ba. Sauran jagorar nan a kan na farko take.

## 2. Gina ma'auni kafin ka auna kaya

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya tsaya gwada tarko a kan kanel ɗin Linux mai miliyoyin layuka, inda shi kansa bai san amsar da ta dace ba. Rubuta ɗan firogiram da ka san kowane takunsa. Ajiye wannan da sunan `gwaji.S`:

```
.global _start
_start:
    ldr  x0, =0x40100000
    mov  x1, #0x11
    str  x1, [x0]           // 1: rubutu kai tsaye
    str  x1, [x0]           // 2: an sake rubuta abin da ke wurin
    ldr  x2, [x0]           // 3: karatu
    mov  w3, #0x22
    strb w3, [x0, #7]       // 4: bait na ƙarshe a cikin tarko
    strb w3, [x0, #8]       // 5: bait na farko a wajen tarko
    mov  x4, #0x33
    stp  x4, x4, [x0, #-8]  // 6: ya faro daga waje ya ƙare a ciki
1:  b    1b
```

Sai ka haɗa shi ka kunna:

```
aarch64-linux-gnu-as -g gwaji.S -o gwaji.o
aarch64-linux-gnu-ld -Ttext=0x40080000 gwaji.o -o gwaji.elf
qemu-system-aarch64 -M virt -cpu cortex-a53 -nographic \
    -kernel gwaji.elf -s -S
```

A na'urar `virt` memori daga 0x40000000 yake farawa, shi ya sa adireshin suke nan. `-s` yana buɗe ƙofar GDB a lamba 1234, `-S` kuma yana riƙe firosesa har sai ka ce ta tafi. A wata tagar:

```
gdb-multiarch gwaji.elf
(gdb) target remote :1234
(gdb) set language c
(gdb) watch *(unsigned long *)0x40100000
(gdb) continue
```

Ban da `watch` akwai `rwatch` mai tsare karatu, da `awatch` mai tsare karatu da rubutu duka. Amsar da ta dace: `watch` zai tsaya a 1, 4 da 6. `awatch` zai tsaya a 1, 2, 3, 4 da 6. `rwatch` a 3 kaɗai. Lamba 5 kada kowa ya kama ta. Gwada ukun ɗaya bayan ɗaya, kana sake kunna QEMU a tsakani.

Lamba 6 na fi so a cikinsu. Umarnin `stp` bait 16 yake rubutawa, ya faro daga 0x400FFFF8, wato rabinsa a wani shafin memori yake, rabi a shafin tarko. Duk mai rubuta tasa emuletar, wanda ya kwatanta adireshin umarni da na tarko da alamar daidai kawai, a 4 da 6 asirinsa zai tonu. Abin da ake dubawa shi ne ko zangon da umarni ya taɓa ya shiga zangon da aka tsare, ko da da bait ɗaya ne.

Gargaɗi: kada ka ƙara gwajin adireshin da bai daidaita ba a wannan firogiram. Ba mu kunna MMU ba, wato sashen firosesa mai fassara adireshi, kuma a ARM irin wannan rubutun laifi ne a wannan yanayi. Za ka faɗa cikin wata matsalar daban ka ɗauka tarko ne.

Idan ma'aunin ya ba da amsa daidai, to tushen tarkon lafiya yake, matsalarka tana matakai na 3 zuwa 7. Idan ya kuskure, yi mataki na 4 da na 5, sannan ka tsallaka zuwa na 8.

## 3. Karanta abin da GDB ya ce lokacin ɗana tarkon

Kalma ɗaya ce ke raba su, ido kuma yana wuce ta. `Hardware watchpoint 2` yana nufin GDB ya miƙa wa QEMU aikin. `Watchpoint 2` kawai yana nufin GDB ne zai yi da kansa: ya matsa umarni ɗaya, ya karanta wurin, ya sake matsawa. Littafin GDB da kansa ya ce wannan ya ninka gudu na yau da kullum jinkiri sau ɗaruruwa, balle kuma kowane taku sai ya bi ta soket ya dawo. Yakan koma wannan hanyar ne idan abin da ka rubuta ya dogara da rajista, misali kwamfaila ta ajiye canjau ɗin a rajista maimakon memori. Sake haɗa firogiram ɗin da `-O0 -g`, ko ka nemo adireshin ka ɗana a kansa kai tsaye.

Jinkirin ma ba shi ne babbar illar ba. Idan GDB yana matsawa ɗaya-ɗaya, QEMU yana toshe katsewar na'urori da agogo a lokacin takun, don kada ka riƙa faɗawa cikin mai amsa katsewa. Kana iya gani da idonka:

```
(gdb) maintenance packet qqemu.sstepbits
(gdb) maintenance packet qqemu.sstep
```

Na farko zai nuna `ENABLE=1,NOIRQ=2,NOTIMER=4`, na biyu zai nuna 0x7, wato duka ukun a kunne. Ka ga idan mai amsa katsewa ne ke ɓata maka memori, tarkon manhaja ya hana ɓarawon shigowa gidan ke nan, za ka kwana kana gadi a banza. `maintenance packet Qqemu.sstep=0x1` yana buɗe masa hanya.

Gargaɗi: `watch x` a kan canjau na cikin fanshin yana mutuwa da zarar fanshin ɗin ya dawo. `watch p->tsawo` kuma yana bin `p` duk inda ya koma. Idan wurin da kansa kake son tsarewa, rubuta `watch -l p->tsawo`. GDB zai lissafa adireshin sau ɗaya ya kafe a kansa.

## 4. Saurari hirar da ke tsakaninsu

Gani ya kori ji. Kafin `continue`, rubuta `set debug remote 1`. Rubutu zai cika maka allo, amma abu kaɗan kake nema.

Saƙon `Z2,40100000,8` shi ne GDB ke cewa a ɗana tarkon rubutu mai bait 8. `Z3` na karatu ne, `Z4` na duka biyun, ƙaramin `z` kuma cirewa ne. Duba amsar da ta biyo baya: `OK` an karɓa, amsa fanko na nufin wannan QEMU bai san irin tarkon ba, `E22` kuma an ƙi. Duba adireshin da tsawon da kyau. Na sha ganin wanda ya tsare bait 4 alhali ɓarnar a bait na biyar take, saboda ya rubuta `int` inda ya kamata ya rubuta `long`.

Idan tarko ya kama, QEMU zai aiko da wani abu mai kama da `T05thread:p01.01;watch:40100000;`. Yanzu ka raba laifi gida biyu. In saƙon ya zo amma GDB ya ci gaba shiru, shawarar GDB ce, je mataki na 6. In bai zo ba sam, rubutun bai bi ta gaban tarkon ba, je mataki na 7.

Abu biyu kada su ruɗe ka. GDB yana cire duk tarkuna a kowace tsayawa ya mayar da su kafin ya ci gaba, don haka yawan `z2` da `Z2` ba alamar matsala ba ce. Sannan adireshin da ke cikin saƙon `T05` farkon wurin da ka tsare ne, yana gaya maka wane tarko ne ya kama, ba wane bait aka taɓa ba.

## 5. Kafin rubutu aka tsaya ko bayansa

Nan ne mafi yawan ƙorafin "ya tsaya a layin da ba shi ba" ke fitowa, don haka zan ɗan daɗe.

Firosesoci ba su yi ittifaƙi kan lokacin da tarko ke kamawa ba. A x86 sai umarnin ya gama aikinsa ake sanarwa, rajistar `rip`, mai nuna umarnin da ake kai, ta riga ta wuce gaba. A ARM mai bit 64 kafin a yi rubutun ake tsayawa, `pc`, takwarar `rip` a ARM, yana kan umarnin da ya taka tarkon, memori bai canza ba tukuna. GDB ya san halin kowacce. Idan ARM ce, da ya samu labari sai ya cire tarkon, ya matsa umarni ɗaya da kansa, sannan ya kwatanta tsohuwar ƙima da sabuwa ya nuna maka. A rubutun mataki na 4 za ka ga wannan ƙarara: `T05` mai `watch`, sai `z2`, sai `vCont;s`. Sakamakon shi ne a duka biyun, inda GDB ya ajiye ka umarni ɗaya ne gaba da mai laifin. In kuma wannan umarnin shi ne na ƙarshe a layinsa na C, layi na gaba za a nuna maka. Ba kuskure ba ne, haka aka tsara.

A ARM duba baya abu ne mai sauƙi: `x/2i $pc-4`. A x86 kada ka yi haka, domin tsawon umarni daga bait 1 ne zuwa 15, in ka faro daga tsakiyar wani za a fassara maka shirme mai kama da gaskiya. Yi `disassemble /r` ka karanta fanshin ɗin daga kansa.

Akwai inda "umarnin da ke sama" ma ba shi ne ba. Umarnin `call` na x86 yana rubuta adireshin dawowa a kan sitak. In tarkonka a sitak yake, za ka tsinci kanka a layin farko na wani fanshin daban, wanda bai taɓa komai ba. Mai rubutun yana wurin wanda ya kira shi, `bt`, mai jera wa ya kira wa, zai nuna maka. Umarnin `rep movs` da `rep stos` kuma akasin haka suke: in da sauran zagaye, `rip` yana nan a kansu bai wuce ba.

To ina emuleta ke shigowa? Dole ta tsaya a irin lokacin da GDB ke zato ga wannan firosesar. A QEMU kowace firosesa tana bayyana nata halin da `gdb_stop_before_watchpoint`, ARM da RISC-V sun sa shi gaskiya, x86 bai sa ba. In aka samu saɓani, alamunsa biyu ne kuma ba sa ɓuya:

Emuleta ta tsaya bayan rubutu, GDB yana zaton kafin ne. Zai ƙara nasa takun, sai ka samu kanka umarni biyu gaba. Mafi muni, takun nan da tarko a cire ake yinsa, don haka in umarni na gaba ma ya taɓa wurin, ya wuce ba a gani ba. A ma'auninmu, `awatch` zai haɗiye lamba 2.

Emuleta ta tsaya kafin rubutu, GDB yana zaton bayan ne. Zai duba ya ga ƙima ba ta canza ba, ya ce a ci gaba, umarnin ya sake taka tarkon, haka dai ba iyaka. Da `watch` sai ka ga kamar na'ura ta daskare, da `awatch` kuma wuri ɗaya za a yi ta nuna maka.

Duk wanda ke ƙara sabuwar firosesa a QEMU, ko yake rubuta gdbstub na tasa emuletar, wannan ne abin da zan ce ya fara dubawa.

## 6. QEMU ya kama, GDB ya saki

`watch` ba rubutu yake sanarwa ba, canji yake sanarwa. In aka rubuta sifili a kan sifili, QEMU zai tsaya ya aiko da saƙo, GDB ya kwatanta ya ga babu bambanci, ya ci gaba ba tare da ya gaya maka ba. Lamba 2 ke nan a ma'auni. Mai neman wanda ya taɓa wurin, ko ya canza ko bai canza ba, `awatch` zai yi amfani da shi, ya haƙura da tsayawa a kan karatu ma.

Firosesa fiye da ɗaya tana ƙara dagula wannan. QEMU yana ɗana tarkon a kan dukkansu, amma idan kowacce tana gudu a zarenta, kafin a tsayar da sauran wata tana iya sake rubuta wurin. Sai `New value` ya nuna abin da ba wanda aka kama ne ya rubuta ba, ko ma a mayar da tsohuwar ƙimar GDB ya yi shiru. Gwada da `-smp 1`. In matsalar ba ta fitowa sai da firosesa da yawa, bar su amma ka sa `-accel tcg,thread=single` don su riƙa karɓa-karɓa a zare ɗaya. Kowace tsayawa kuma ka duba `info threads`, domin GDB kowace firosesa zare yake ɗaukarta.

Gargaɗi: duk shafin memori mai tarko, yawanci bait 4096, QEMU yana fitar da shi daga hanyar sauri. Kowane karatu da rubutu a shafin sai an bincika shi, ko da bai kusanci tarkon ba. Tarko a sitak ko kusa da makulli mai yawan aiki yana rage gudu sosai, kuma kwaron da ya dogara da tsere tsakanin firosesoci yana iya ɓacewa saboda wannan kaɗai.

## 7. Rubutun da ya bi ta ƙofar baya

Tarkon QEMU a kan adireshin aro yake, wato wanda firogiram ke gani kafin MMU ta fassara shi zuwa adireshin ainihi. Wuri ɗaya a memori kuma yana iya samun adireshin aro biyu ko fiye. Kanel ɗin Linux yana da taswirar da ta shimfiɗe memorin gaba ɗaya, ga kuma adireshin da firogiram ke gani, ga na `vmalloc`. Ka tsare ƙofa ɗaya, aka shiga ta wata. Akasin haka ma yana faruwa: firogiram biyu suna amfani da adireshin aro iri ɗaya a kan memori daban, sai tarkon ya kama wanda ba ruwansa. In kuma adireshin kanel ka ɗauko daga `vmlinux`, fayil ɗin kanel ɗin, tabbatar ka sa `nokaslr` a layin kunna kanel, in ba haka ba kanel ɗin ya koma wani wuri ka tsare fili.

Sai na'urori. Katin sadarwa ko na faifai da ke zuba bayanai kai tsaye a memori ta DMA ba ya bi ta firosesa, don haka babu tarkon GDB da zai gan shi. Na taɓa ɓata kwana biyu a kan wani tsari da ke lalacewa ba tare da tarko ya motsa ba, ashe direba ce ta saki wurin ajiya tun katin bai gama rubutu a ciki ba.

Maganin duka biyun ɗaya ne, kuma shi ne dabarar da ta fi yi mini amfani a wannan aiki: ka sauko ƙasa ka ɗana tarkon a jikin QEMU kansa. Memorin baƙo, wato na'urar da QEMU ke kwaikwaya, ai wani yanki ne kawai a cikin memorin QEMU. Daga GDB na farko:

```
(gdb) monitor gva2gpa 0xADIRESHIN_ARO
(gdb) monitor gpa2hva 0xADIRESHIN_AINIHI
```

Na biyun zai ba ka adireshin wurin a cikin QEMU. Buɗe GDB na biyu, ka kama QEMU da `sudo gdb -p` da lambar PID ɗinsa, sannan:

```
(gdb) handle SIGUSR1 nostop noprint pass
(gdb) watch *(unsigned long *)0xADIRESHIN_CIKIN_QEMU
(gdb) continue
```

Yanzu rajistar tarko ta firosesarka ta gaske ce ke gadi, kuma ko ta wace ƙofa aka shigo, muddin lambar QEMU ce ta yi rubutun, sai an taka ta. In na'ura ce, `bt` zai nuna maka fanshin ɗinta a cikin QEMU da sunansa. In umarnin baƙo ne ta wani adireshin aro, za ka tsaya a cikin lambar da TCG ya fassara.

Gargaɗi: layin `SIGUSR1` ba ado ba ne, QEMU yana amfani da wannan siginar wajen taɓa zarurrukansa, in ba ka sa ba GDB zai yi ta tsayawa. Kuma muddin GDB na biyu ya riƙe QEMU, na farko ba zai samu amsa ba, yana iya yanke haɗin. Wannan dabara a TCG take cika aiki. A KVM rubutun baƙo ba ya bi ta cikin QEMU.

## 8. Idan da gaske emuletar ce

QEMU ba umarni ɗaya-ɗaya yake fassarawa ba. Yana ɗaukar jerin umarni har zuwa reshe na gaba, ya mayar da su dunƙule guda na lambar firosesarka, kuma ba ya sabunta `pc` na baƙo a tsakiyar dunƙulen, don gudu. In tarko ya kama a tsakiya, sai ya duba inda yake a lambar da ya fassara, ya koma wani ɗan teburi da ya ajiye a gefe, ya gano wane umarnin baƙo ne, ya gyara `pc`. Ga firosesa mai tsayawa bayan rubutu, sai ya sake fassara wannan umarnin shi kaɗai, ya gudanar, sannan ya tsaya. Daidaiton tarko gaba ɗaya a kan wannan komawar ya rataya.

Gwajinsa layi ɗaya ne. Ƙara `-accel tcg,one-insn-per-tb=on`, wanda ke sa kowane dunƙule ya zama umarni guda. Wannan suna daga QEMU 8.1 ya fara, a tsofaffi `-singlestep` ne, an kuma cire tsohon a 9.0. In kuskuren ya ɓace da wannan, kusan tabbas komawar ce ta lalace. Alamarta a GDB ita ce `pc` ya koma farkon dunƙule alhali rajistoci sun riga sun yi gaba, in ka ci gaba kuma a maimaita umarnin da aka riga aka yi, ƙidaya ta ƙaru sau biyu.

Don ganin abin da aka fassara, ƙara `-d in_asm,exec,nochain -D rahoto.txt`.

Gargaɗi: a kan ma'auni kawai za ka kunna wannan. A kan kanel mai tashi, fayil ɗin zai cinye gigabait kafin ka gama shan shayi.

Wurin da kwaron ke yawan zama shi ne fanshin ɗin taimako, waɗanda aka rubuta da C don umarni masu wuya, irin na kwafe memori da yawa ko na bekta. A cikin lambar QEMU yi `git grep cpu_check_watchpoint`, domin fayil ɗin da yake ciki ya sha ƙaura tsakanin sigogi. Sannan ka buɗe mai taimakon umarnin da ake zargi ka duba abu uku. Shin ya ɗauki `GETPC()` a fanshin na waje, wanda lambar da aka fassara ta kira kai tsaye, ya miƙa shi ga masu karatu da rubutu masu ƙarewa da `_ra`? In a wani fanshin na ciki aka ɗauka, adireshin dawowar ba zai dace da teburin ba. Shin ya karɓi manunin memori kai tsaye ya yi `memset` ko `memcpy` a kai? `probe_write` da `probe_access` suna duba tarko da kansu, amma `probe_access_flags` tuta kawai yake dawo maka da ita, in ka ga `TLB_WATCHPOINT` kai za ka kira `cpu_check_watchpoint`. Na uku, shin ya canza rajista ko ya rubuta rabin bayanai kafin ya iso inda tarkon yake? Umarnin daga farko za a sake shi, don haka duk binciken sai ya gabaci duk wani canji.

## 9. Kwaron da ba ya zuwa sau biyu iri ɗaya

In matsalar sai an yi sa'a take fitowa, naɗe gudun. `-icount shift=auto,rr=record,rrfile=nadi.bin` yana ajiye duk abin da ya shigo daga waje, `rr=replay` kuma yana maimaita shi umarni bayan umarni ba canji. Sai ka ɗana tarko a maimaicin sau nawa kake so, a wurare daban-daban, kana da tabbacin gudu ɗaya kake kallo. Tun QEMU 5.2 na shekarar 2020 ana iya komawa baya ma da `reverse-stepi` da `reverse-continue`, muddin ka ba da `rrsnapshot` da faifan qcow2 da za a ajiye hoton farko. Yi shi da firosesa ɗaya, kuma faifai sai ya bi ta `blkreplay`, sadarwa ta `filter-replay`, in ba haka ba maimaicin zai kauce.

Shaida ta biyu da ba ta dogara da tarko ba ita ce fulogin `execlog` da ke cikin `contrib/plugins`. Yana rubuta kowane umarni da adireshin memorin da ya taɓa. In ya nuna an rubuta a wurinka amma saƙon `T05` bai zo ba, ka kama emuletar dumu-dumu.

## 10. Kai rahoto

Masu kula da QEMU a GitLab suke karɓar rahoton kwari. Kafin ka rubuta, gwada sigar da ta fi sabunta, domin ta cikin Debian ko Ubuntu takan kasance a baya. Abin da za ka haɗa: sakamakon `qemu-system-aarch64 --version` da `gdb-multiarch --version`, cikakken layin da ka kunna QEMU da shi, da `gwaji.S` bayan ka rage shi zuwa umarnin da ke kuskure kaɗai. Liƙa guntun hirar `set debug remote 1` daga `Z2` zuwa `T05`, ka faɗi `pc` da ka samu da wanda ya kamata, ka kuma faɗi ko `one-insn-per-tb=on` ya canza sakamakon. In kana da allon ARM na gaske a hannu, gudanar da umarnin a kansa ƙarƙashin GDB ka sa abin da ya nuna a gefen na QEMU.